Yabon da Inna Ta Hana Autanmu

Mu shida Inna ta haifa. Ni ce ta fari. Huɗu da suka biyo bayana duk sun koma, wani kafin yaye, wani jim kaɗan bayan yaye. Sai autanmu, namiji, wanda na girme shi da shekara goma sha wani abu. Zan faɗi abin da ya wakana tsakaninsa da Inna bi da bi, yadda na gani da idona. In aka tsallake farkon, za a ɗauki Inna muguwar mace, kuma ba haka take ba.

Gidanmu yana cikin Fagge, a wani lungu bayan layin masu yadi. Zaure ɗaya, ɗaki uku, rijiya a tsakar gida. Baba malamin firamare ne, yana koyar da Larabci da addini, mutum ne mai ƙarancin magana. Kakata ta wajen uba tana tare da mu, kuma ita ta raine ni, domin Inna tana kunyata irin ta 'yar fari. Ba ta kiran sunana, ba ta ɗaukata a gaban mutane, in an yabe ni sai ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Wannan bai taɓa damuna ba. Duk 'yar fari a lungunmu haka uwarta take yi mata.

Ƙannena da suka biyo baya babu wannan kunyar a kansu, sai Inna ta saki jiki da su. Na fi tuna ta ukunmu, wata yarinya mai ƙiba da yawan gashi. Inna takan ɗora ta a cinya tana yi mata rawa, tana kiran maƙwabta su zo su ga gashin. Matan sukan ce, "Kai, wannan yarinya kamar a sace ta a gudu!" Inna ta yi ta dariya. Ƙyanda ce ta ɗauke ta. Ranar da aka kai ta, tsofaffin da suka zo gaisuwa suka ce kambun baka ne, wato an yi ta yabonta ba a ce tubarkalla ba har baki ya kama ta. Da na huɗu ya rasu sai aka fara ce wa Inna mai wabi, matar da 'ya'yanta ba sa zama. Ba a gaban idonta ake faɗa ba, amma tana ji. Akwai matar da in Inna ta shiga gidan suna sai ta ja zani ta rufe fuskar jaririnta.

Inna ba ta yi boko ba, amma tana da irin nata hankalin. Ta duba ta ga waɗanda ta yaba duk suna ƙasa, wadda ba ta taɓa yabo ba ita ce ke yawo a tsakar gida. Daga nan ta yanke hukuncinta, ba ta yi shawara da kowa ba.

Ranar sunan autanmu, kakata ta naɗe shi a tsumma ta kai shi bakin jujin ƙofar gida ta ajiye. Wata maƙwabciyarmu ta ɗauko shi ta shigo tana cewa, "Ga wani na tsinta a juji, ko akwai mai so?" Inna ta ce daga cikin ɗaki, "Ajiye shi nan, ba mai so." Mata suka yi shewa. Al'ada ce da ake yi wa ɗan mai wabi, a nuna kamar ba a damu da shi ba don ya tsaya. A sauran gidaje ranar ake yinta a gama, ko a ci gaba da ɗan wasa har a yaye yaro. A gidanmu Inna ba ta daina ba.

In baƙuwa ta ce, "Yaron nan ya yi girma," Inna za ta ce, "Ina girma? Kai ne kawai kamar tulu." In an ce yana da wayo, ta ce, "Wannan? Ko hannunsa na dama bai sani ba." Tun bai san ma'anar magana ba yake jin wannan, har ya zo ya sani. Yana ƙarami yaro ne mai surutu, mai tambaya, komai ya gani sai ya kwance ya ga cikinsa. Wata rana ya dawo daga makaranta da gudu, an ce shi ya zo na biyu a ajinsu. Ya tsaya a gaban Inna yana haki. Akwai mata biyu a tsakar gida suna taya ta tsinke zogale. Inna ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Sauran 'yan ajin duk jakuna ne ke nan." Matan suka yi dariya, domin sun san abin da take yi. Shi bai sani ba. Ya juya ya shiga zaure ya zauna.

Ga abin da ni nake gani wanda shi ba ya gani. In an yi miya da nama, Inna takan zaɓi tsoka mai kyau ta tura ƙarƙashin tuwonsa, don ya ci karo da ita kamar sa'a ce. In lokacin tashi daga makaranta ya yi, takan tsaya bayan labulen zaure tana leƙen lungu. Da ta hango shi sai ta koma da sauri ta zauna, ta ɗaure fuska, ya shigo ta ce, "Sai yanzu? Dubi rigarka kamar ta mahaukaci." In ya yi tari sau ɗaya ranar ba ta iya cin abinci.

Baba ya yi mata magana, ina jinsu. Ya ce, "Wannan abin da kike yi ba addini ba ne. A ce tubarkalla, a yi wa yaro addu'a, shi ke nan."

Ta ce, "Malam, waɗancan huɗun ba a yi musu addu'ar ba ne?"

Daga nan Baba ya bar maganar. Shi yakan shafa kan yaron ya ce Allah ya yi albarka, amma ba mai yawan magana ba ne, kuma ya rasu autanmu yana gab da gama firamare. Kakata ta riga shi. Ni kuma an yi mini aure na koma Rijiyar Lemo. Gida ya rage daga shi sai Inna.

Abin ya bi jikinsa a hankali. Da farko surutun ya ragu. Sai ya koma tafiya a rakuɓe jikin bango, kansa a ƙasa. Sannan ya fara riga mutane faɗa. In ka aike shi ka ce ya kula da canji, sai ya ce, "Ni ai ba ni da kai, Yaya, ki aiki wani." Ba da fushi yake faɗa ba, kamar mai faɗin tsawonsa ne. Sakandare bai kai ƙarshenta ba. Ya koma zaman bakin titi da wasu samari, har aka fara ganinsa da kwalbar maganin tari a aljihu ba tari yake yi ba.

Maigidana yana da shagon yadi, kuma akwai wani Ibo a Sabon Gari da yake gyara masa janareta. Maigidan nawa ne ya ɗauki autanmu ya kai shi wurin Ibon koyon aiki. Kowa Oga yake ce masa, mu ma haka muka bi. Gajere ne mai ƙarar murya, a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ba ta da maraba da tamu. Yini yake yi yana yi wa yaransa faɗa. Amma yana da wata ɗabi'a: in aiki ya yi kyau, da ƙarfin da ya yi faɗan da shi yake yin yabon.

Wata rana na shiga kasuwar Sabon Gari sayayya, na ce bari in biya in ga yadda ƙanena yake. Na tarar da shi a tsugune yana naɗa wayar jan ƙarfe a cikin wani inji. Da Oga ya ji ni ce yayarsa, sai ya ɗauko wani koyil, wato naɗin wayar, da aka gama ya ɗaga sama.

"Hajiya, kin ga wannan? Ƙaninki ne ya naɗa. Dubi yadda wayar ta kwanta, ba wadda ta hau wata. Ni da na shekara talatin ina yi ba zan fi haka ba." Ya juya wurin sauran yaran. "Ku kuma ku zo ku gani, masu hannu kamar ƙafar agwagwa!"

Yaran suka yi dariya. Ƙanena ya waiwaya bayansa, yana neman wanda ake nufi. Babu kowa a bayansa sai bango.

Cikin 'yan watanni ya zama wani mutum. Yana wanka kafin ya fita, yana goge rigarsa ko da a shago mai zai ɓata ta. Kwalbar ta ɓace daga aljihunsa. In ya zo gidana sai ya ci abinci har ya nemi ƙari, yana tsokanar 'ya'yana, kuma ba ya magana uku bai ce "Oga ya ce" ba. Har na ce masa, "Kai, wannan Ogan naka ko limamin Juma'a ba a ambatonsa haka." Ya yi dariya da ƙarfi, kansa a sama. Rabon da in ji wannan dariyar tun yana ɗan firamare.

Da Sallah ta zo, Oga ya ɗauko matarsa suka zo Fagge yi wa Inna barka da Sallah, da turmin atamfa a hannu. Da kyakkyawar niyya ya zo. Gidan cike yake da maƙwabta da yara. Ya zauna a tabarma ya ci tuwon Sallah, sannan ya buɗe murya yadda ya saba.

"Mama, kin haifi ɗa. Duk yarana babu kamarsa. Hannunsa, kansa, amanarsa, babu abin da zan ce. Ki ba shi shekara biyu, zai buɗe shagonsa, zai rushe gidan nan ya gina miki bene."

Bai ce tubarkalla ba, domin ba a koya masa ba. Ni na faɗa da sauri, wata maƙwabciya ma ta faɗa. Amma na kalli fuskar Inna na ga jini ya bar ta. Ta yi godiyar atamfa da ƙyar. Ƙanena kuwa yana tsaye a bakin rijiya yana kallonta, yana jira ko za ta ce wani abu. Ba ta ce ba.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama shi. Zazzaɓin sauro ne irin na kowa, ya sha magani ya tashi ya koma aiki. A wurin Inna ba zazzaɓin sauro ba ne. Ta aiko a kira ni, na zo na tarar ta yafa mayafi. Ta ce in raka ta shagon, ita ba ta san hanyar Sabon Gari ba. Na ɗauka godiya za ta je yi.

Da hantsi muka isa, layin cike da mutane, masu sayar da kayan gyara duk suna ƙofar shagunansu. Oga ya taso da murna yana cewa a kawo wa Mama kujera. Inna ta ce ba zama ta zo yi ba. Ta tsaya a tsakiyar ƙofar shagon, ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta ɗaga a waje ba.

"Na zo in gaya maka ka daina ruɗin kanka. Wannan da kake gani ba abin kirki ba ne. Ni na haife shi, na fi ka saninsa."

Oga ya ce, "Haba, Mama!"

"Tun da aka haife shi bai taɓa tsinana komai ba. Makaranta ta gagare shi. Har ya shekara goma yana fitsarin kwance, ni nake shanya tabarmarsa. In ka ga aiki ya yi kyau a hannunsa, dace ne. Kar ka ƙara yabonsa, ko a gabansa ko a bayansa."

Wani cikin yaran ya fashe da dariya, sauran suka bi. Oga ya daka musu tsawa, amma an riga an ji, har maƙwabtan shago sun matso. Ya ce, "Mama, wace irin magana ce wannan? Ɗanki ne fa. Me ya yi miki?" Inna ba ta kula shi ba. Ƙanena ya ajiye filayar da ke hannunsa a kan benci. Ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya bi ta gefenmu ya fita, bai kalli kowa ba.

A cikin adaidaita sahu muna komawa, bakin Inna yana motsi da addu'a. Na ce, "Inna, me kika yi haka?" Ta kama wuyan hannuna ta riƙe da ƙarfi, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Yanzu bakin ya sauka daga kansa. Gara ya tsane ni yana raye."

Ƙanena bai koma shagon ba. Oga ya yi ta sintiri Fagge yana nemansa, ya je gidana, ya yi rantsuwa duk yaron da ya ƙara tayar da maganar zai kore shi. Amma maganar ta riga ta zagaye layin, har an laƙaba wa ƙanena suna da ita. Ya ce ba zai iya tsugunawa a wurin ba. Ya kwashe kayansa daga gida ya kama ɗaki da wasu samari a bakin Sabon Gari, ya karɓi adaidaita sahun wani yana ja. Masu wannan aikin da yawa suna shan ƙwaya don su jure yini a kan titi. Shi ya haɗa ƙwayar da kwalbar da ya bari.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Bai yanke zumunci ba. Yakan kawo sukari da sabulu gidana ya ce in kai wa Inna. Ranar Sallah yakan je ya tsaya a zaure ya yi gaisuwa daga nan. Inna ta amsa daga ciki, "An ga dama an zo?" Ya ce, "An zo, Inna." Ya juya ya tafi. Da ya fita sai ta tsare ni da tambaya: ya rame ne, wace riga ya sa, me ya sa muryarsa ta dushe, wa yake dafa masa abinci. In na yi masa zancen aure sai ya ce, "Wa zai ba ni 'yarsa, Yaya? Wadda ta haife ni ma ta ba da shaida a bainar jama'a."

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na kira shi gidana na zaunar da shi, na rufe ƙofa. Na jero masa komai daga farko. Na gaya masa yadda yayyensa suka rasu da abin da tsofaffi suka ce. Na gaya masa hukuncin da Inna ta yanke. Na gaya masa abin da take yi in ba ya kallo, da abin da ta faɗa mini a hanyar dawowa daga shagon. Bai katse ni ba har na kai ƙarshe.

Ya ce, "Yaya, kin gama?"

Na ce na gama.

"To, ke kika faɗa. Ke kuma yayata ce, dole ki gyara. Ita ta faɗa da bakinta, ko sau ɗaya."

Na ce, "Ba za ta iya ba. A ganinta ranar da ta yabe ka ranar za ta rasa ka. Muddin tana sa ran kana da sauran kwana, ba za ta faɗa ba."

Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Allah ya ba ta haƙuri, ni ma ya ba ni." Ya ɗauki makullin adaidaita sahunsa ya fita.

Na je wurin Inna ita ma na jero mata nata. Na ce yaron nan yana lalacewa, kuma maganarta ce take cinsa. Na ce ya wuce shekarun da ake tsoro, ya yi gemu, kalma ɗaya ba za ta kashe shi ba. Ta bar ni na gama, sannan ta dube ni ta ce, "Ke nawa kika binne?" Ban binne ko ɗaya ba.

Shekarun baya kaɗan ƙafafunsa suka fara kumbura, sai fuska, sai amai. Abokan ɗakinsa ne suka kira maigidana. A asibiti aka ce ƙodarsa ta lalace, aka fara yi masa wankin ƙoda. Dangi suka yi iya ƙoƙarinsu. Oga ya ji labari ya zo, ya tsufa, kansa ya yi fari, amma muryar tana nan. Tun daga ƙofar ɗaki ya fara.

"Kai, me kake yi a kwance? Tashi, aiki yana jiranka! Yaran yanzu ba su iya komai ba sai latsa waya. Tun da ka tafi ban samu mai naɗa koyil ba, na rantse da Allah, sai masu dagula waya kamar taliya."

Ƙanena ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. Ranar ya sha kunu ya fi na kullum, ya ce a tayar da shi zaune, suka yi hirar injuna har aka ce masu dubiya su fita.

Inna kullum tana asibitin. Takan zo da kunu a fulas, ta zauna a ƙarshen gado wajen ƙafafunsa, ta ɗaure fuska. "Ragwanci ne kawai," in ji ta. "Ka tashi ka ba masu ciwon gaskiya wuri." Wata mai jinya a gadon kusa ta taɓa ja na gefe ta ce, "Baiwar Allah, wannan tsohuwar ita ta haife shi kuwa?" Na ce ita ce. Shi kuwa in ta fara sai ya lumshe ido. Ban san abin da yake ji ba, bai gaya mini ba.

Bayan wasu watanni likita ya kira ni da maigidana ofishinsa. Ya ce zuciyar ma ta yi rauni, jikin ba zai ƙara ɗaukar wankin ba, mu kai shi gida mu yi ta addu'a. Muka yi shawara a tsakaninmu ba za a gaya masa ba, kamar yadda aka saba yi wa mara lafiya. Muka ce masa likita ya ce ya samu sauƙi, ya je gida ya huta kafin a sake dubawa. Ya ce to.

Inna ta tare ni a barandar asibitin. Ta ce, "Me likitan ya ce?" Na fara yi mata irin maganar da muka yi masa. Ta ce, "Ke, dube ni." Na dube ta, na gaya mata gaskiya.

Ta ce, "Babu sauran abin yi?"

Na ce, "Babu, Inna, sai addu'a."

"Ya tabbata? Ba cewa ya yi wataƙila ba?"

"Bai ce wataƙila ba."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a kai shi Fagge, ba gidana ba.

Muka kwantar da shi a ɗakin Baba. Washegari da hantsi Inna ta yi wanka ta canza zani. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa ta wuce ni ta shiga. Ba ta zauna wajen ƙafafunsa ba, ta zagaya ta zauna wajen kansa, ta ɗora tafin hannunta a goshinsa. Sannan ta kira shi da sunansa na yanka. Sai a lokacin na lura ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Ta ce, "Ranar da aka haife ka, da ungozoma ta miƙo mini kai, ban taɓa ganin jariri mai kyanka ba. Yatsunka dogaye, kamar na babanka. Na juya fuskata bango don kar a ga ina kallonka."

Ya buɗe ido.

"Kana shekara biyar na kwanta zazzaɓi, ba kowa a gida. Ka ɗauko faifai kana yi mini fifita har barci ya kwashe ka a zaune, faifan yana hannunka. Rediyon babanka da ya mutu aka jefar bayan ɗaki, kai ka tayar da shi, kana ɗan yaro, ba wanda ya koya maka. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi ta jin labarai ni kaɗai. Duk abin da Ogan nan naka ya faɗa a kanka gaskiya ne, bai ma faɗi rabi ba. Ni ban haifi kamarka ba. Allah ya yi maka albarka."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo da idonsa wurina a bakin ƙofa. Na so in daidaita fuskata, ban iya ba.

Ya ce, "Yaya, abin ya kai nan ke nan?"

Ya mayar da idonsa kan rufin ɗaki. Inna ta dakata, hannunta yana goshinsa. Daga lungu ana jin masu tura kaya suna ihun a ba su hanya. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Na ɗauka zai ce mu fita.

Ya ce, "Inna, ci gaba. Me na yi kuma?"

Ta ci gaba. Har aka kira azahar tana yi. Da ya yi sallarsa a kwance ta ɗora daga inda ta tsaya. Daga ranar bai yarda kowa ya ba shi abinci ba sai ita, ko da cokali biyu ne. In numfashi ya yi masa wuya sai ya laluba hannunta ya ce, "Sai kuma me?" ita kuma ta kawo wani. Akwai abubuwan da ni kaina ban sani ba, akwai waɗanda shi ma ya manta sai da ta faɗa ya ce, "Ashe kin gani?" Ta ce, "Na gani."

Bai cika mako biyu a ɗakin ba. Ya rasu wata safiya, kansa a cinyarta. Ina wurin yawancin kwanakin nan, kuma na kasa kunne da kyau. Har ya cika, ban ji ta maimaita abu ɗaya sau biyu ba.